Ƙafa Ɗaya a Tudu, Ɗaya a Fadama: Tafiyata Gwandu da Kalgo

Hunturu ya kankama ranar da muka bar Sakkwato. Hazo ya lulluɓe gari, har ƙarfe takwas na safe direbanmu bai kashe fitila ba. Ɗaurin auren ɗan wani aminina ne ya tashe ni zuwa Gwandu, na kuma ƙudura cewa da an shafa fatiha zan zarce Kalgo in gaida gwaggona, wadda ta daɗe tana aiko mini da saƙon tana son ganina. Kwana huɗu na yi tsakanin garuruwan biyu. Mutane na je gani, amma da na dawo gida abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ƙasar da suke zaune a kanta, da yadda ta nuna wa kowane ƙauye inda zai kafa turke.

Da muka bar babban titin da ya nufi Jega muka karkata arewa, sai ƙasa ta buɗe. Jigawa ce fara sol, an girbe gero an kwashe, saura kututturen kara da awaki masu kalen harawa. Can nesa ga tsaunuka gajeru masu shafaffen kai, kamar an sa wuƙa an yanke su daidai wa daida, samansu jar marmara, gefensu tsakuwa da sabara. Ba mai gina gida a kansu, gona ma ba ta yi, don fartanya ba ta shiga marmara. A wannan tudun sai ka yi tafiya mai nisa ba ka ga jinkar ɗaki ba. In ka hango duhuwar itatuwa, kuka da tsamiya da dogon yaro sun haɗa kai, to ƙauye ne. In ka matsa kusa kuma za ka tarar ƙasar wurin ta ɗan sunkuya, a tsakiyar sunkuyawar akwai rijiya.

Mun tsaya a irin wannan ƙauyen don direba ya zuba wa mota ruwa, ni kuma na taka zuwa bakin rijiyar. Yara biyu ne ke ɗiba. An ɗaura wa jaki igiya, ɗayan ya kora shi, jakin ya yi ta tafiya har na fara zaton igiyar ta tsinke, sannan guga ya leƙo. Itacen da aka gitta a bakin rijiyar kuwa igiya ta ci shi, ta yi masa zane-zane masu zurfi kamar tsagar fuska. Wani dattijo na zaune a gefe yana tufkar igiya da ɓawon kalgo. Bayan mun gaisa na ce, “Baba, garin naku ga fili har fili, me ya hana shi girma?” Bai ɗago kai daga tufkarsa ba ya ce, “Malam, rijiya guda gida nawa za ta ɗauka?” Ya ce duk saurayin da ya yi aure ya ga gida ya cika, gangarawa yake yi wajen dangi a bakin kwari, ko ya tafi cin rani ya dawo da damina.

Gwandu ba ta nuna kanta daga nesa. Sai hanya ta fara gangara za ka ga launin ƙasa ya juya, farin rairayi ya ba da wuri ga baƙar laka, idonka da ya gaji da ƙura ya faɗa kan kore. Mangwaro, giginya, lambunan albasa jere fangali bayan fangali. Garin na kwance a cikin kwari, tuddai sun kewaye shi, ruwan da ke gangarowa daga kansu da damina kuwa nan yake taruwa ya nitse. Sunan garin ma daga ƙasa ya fito. Gandu ne, wato gonar sarki, tun zamanin Muhammadu Kanta wanda ya kafa daular Kabi a ƙarni na 16. Sarki ba ya kafa gandunsa a kan fako. Tun kafin a yi maganar malamai da tutoci, Kabawa sun riga sun gane cewa wannan kwarin zai ciyar da baki da yawa.

A 1805 Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya taso da jama'arsa daga Sabon Gari ta ƙasar Zamfara ya sauka a nan, a shekarar da ƙaninsa Malam Abdullahi ya ci Birnin Kebbi. Mukan karanta wannan a makaranta a matsayin labarin yaƙi, amma wanda ya tsaya a Gwandu ya dubi gabas da yamma zai ga labarin ruwa da ciyawa ne kuma. Jama'a ce mai yawa, da mata da yara da shanu, ta sha yunwa ta sha tafiya. Abin da take bukata shi ne wurin da za a sha, a shayar, a yi kiwo, a kuma hango abokin gaba tun kafin ya iso. A ƙarshen wannan shekarar aka yi gumurzun Alwasa, inda jama'ar Shehu suka yi hasarar mutane da yawa suka ja da baya zuwa Gwandu, garin ko ganuwa ba shi da ita, amma suka tsaya suka kare shi. A 1806 Muhammadu Bello ya fara gina ganuwar. Daga baya wannan ɗan kwarin ya zama cibiyar yammacin daular Shehu, har Nupe da Ilori suna kawo gaisuwa. Na ziyarci hubbaren Malam Abdullahi da la'asar, na yi masa addu'a. Mutumin da ya rubuta littattafan da har yau ake karantawa a zaurukanmu yana kwance a garin da kana iya zagayawa da ƙafa, wannan kuwa ya sanyaya mini jiki.

Baturen nan ɗan Jamus, Heinrich Barth, wanda ya yi yawo a ƙasarmu da sunan Abdulkarim, ya sauka Gwandu a farkon daminar 1853, zamanin Sarki Halilu. A nan ya samu kwafin littafin Tarikh al-Sudan ya zauna yana kwafar abin da ya iya. Ya kuma yaba ayabar garin da albasarsa. Shekara fiye da 170 ke nan, albasar tana nan ba ta fasa ba, daga Gwandu har Aliero da ta yi suna da ita a duk Najeriya.

Washegarin ɗaurin aure, aminina ya kai ni lambun wani kawunsa. Mun same shi ƙafa dumu-dumu da laka, yana buɗe wa ruwa hanya daga fangali zuwa fangali da ƙaramar fartanya, inji na ta ƙara a gefe. Rijiyar lambun ba ta buƙatar jaki. Na leƙa na ga fuskata a cikin ruwan kusa-kusa, alhali jiya-jiyan nan na ga jaki na shan wahala a kan tudu, tafiyar da ba ta kai awa guda a mota ba. Na ɗaga kai na lura gidajen unguwarsu duk suna can sama a kan gangare, ba ko ɗaya a cikin lambunan. Na tambaye shi ko ba zai fi masa sauƙi ya yi ɗaki kusa da albasarsa ba. Ya yi murmushi ya ce, “Ɗana, ƙasar da ka cishe ka ba a kwana bisa gare ta. Nan na ruwa na, can bisa namu na. Ruwa shi yar riga mu zuwa.” Ya nuna mini da bakin fartanya inda kore ya ƙare rairayi ya fara, ya ce iyakar ke nan tun yana yaro.

Abin da wannan dattijo ya sani da ido da tafin ƙafa, masana ilimin ƙasa sun same shi da na'ura. Shimfiɗar rairayi da yumɓun da ke ƙarƙashin wannan yanki duka, daga nan har Birnin Kebbi da Argungu, sunan Gwandu suka laƙaba mata a littattafansu. Hawa-hawa take: rairayi mai riƙe ruwa, sai yumɓu mai hana shi wucewa, sai wani rairayin a ƙasa. Tsaunukan nan masu shafaffen kai ragowar tsohon doron ƙasa ce, marmara ta yi musu hula ta hana ruwan sama cinye su, shi kuwa ya zaizaye abin da ke kewaye da su ya fafe kwaruruka. Shi ya sa mai haƙa rijiya a kan tudu sai ya nitsa sosai, na cikin kwari kuwa da ya ɗan taɓa sai ruwa. A wasu wurare na ƙasan fadama ma, in rijiyar burtsatse ta huda yumɓun ta kai rairayin ƙasa, ruwa kan taso da kansa ba famfo. Damina a nan wata huɗu ce, daga Yuni zuwa Satumba. Sauran wata takwas ɗin kowa da abin da ƙasa ta ɓoye masa yake rayuwa.

Amma ba zan ɗora wa ruwa komai ba, don tsoro ma ya zaunar da mutane. Bayan Yakubu Nabame ya ɗaga tutar Kabawa a 1849, shekaru da dama aka yi ana kai hari ana mayarwa tsakanin Argungu da Gwandu. A irin wannan zamani ba mai zama shi kaɗai a daji komai kyawun ƙasa. Mutane suka dunƙule a garuruwa masu ganuwa kamar Kambaza da Ambursa, manomi ya fita gona da safe ya komo kafin a rufe ƙofa. Sai da ƙura ta lafa aka fara fita ana kafa tunga kusa da gona ko kusa da ruwa. Ka saurari sunayen ƙauyukan Kebbi, za ka ji Tungar wane da Tungar wane ba iyaka. Da yawansu bukkar mutum guda ce da farko, ta noma ko ta su, iyali suka biyo, aka kafa masallaci, aka naɗa mai unguwa. Sunayen kansu taswira ce ga mai kunne. Kalgo sunan itace ne, Kuka ma haka, Unguwar Jeji ta faɗi inda take, Wurogauri kuwa da jin “wuro” ka san Fulani ne suka fara kafa sansani.

Daga Gwandu na nufi yamma zuwa Birnin Kebbi, tafiyar kusan kilomita 50. Sarautar Gwandu kanta wannan hanyar ta bi: sarakuna suka zauna Ambursa don fuskantar Kabawa, sannan a 1906 fadar ta koma Birnin Kebbi, inda take har yau. Ban daɗe ba a birnin, amma na roƙi mai babur ya kai ni gefen tsohon gari inda ƙasa ke yankewa. Daga nan kana tsaye a kan tudu, fadamar Gulbin Kebbi na shimfiɗe a ƙarƙashinka, faɗinta kilomitoci, ɗaya gaɓar ta ɓace cikin hazo. Birnin ma ashe babban ƙauyen bakin fadama ne da ya samu sarauta.

Kalgo na kudu da birnin, tafiyar 'yan mintoci, a mararrabar da hanya ke rabuwa, ɗaya ta yi Jega ɗaya ta yi Bunza. Na sami gwaggo a tsakar gida tana sheƙar shinkafa. Na durƙusa na ce, “Gwaggo, mun same ku lafiya?” Ta ajiye faifai ta ce, “Lahiya lau, ɗan nan. Yau Allah ya yi.” Da dare aka kawo tuwon shinkafa da miyar kuka da busasshen kifi, da safe kuma fura. Na ce mata a kwano biyu na ci Kalgo duka. Ta ce haka ne, furar daga gonar tudu take, tuwon daga fadama, kifin kuma daga gulbi, duk na gida ne ba wanda aka saya.

Jikanta ne ya ɗauke ni a babur muka nufi wajen Diggi, garin da Barth ya ratsa kafin ya tsallaka fadama zuwa Zogirma. A nan ne abin ya fito mini fili. Ƙauyukan ba a warwatse suke ba kamar an watsa tsaba. A jere suke, ɗaya bayan ɗaya, kamar duwatsun carbi a zare, zaren kuwa shi ne leɓen tudu inda jigawa ta ƙare fadama ta fara. Ka bar wannan ƙauye, kafin ƙurar babur ta kwanta ka shiga na gaba. Ka juya ka hau tudu kuwa, sai gonaki da gawo da shiru.

Hikimar wannan zama ta burge ni ƙwarai, na kuma daɗe ina juya ta. Magidanci a irin wannan ƙauye yana da ƙafa ɗaya a tudu, ɗaya a fadama. Bayan gidansa gonar gero da dawa da wake, gaban gidansa gonar shinkafa. In damina ta yi gardama gero ya ƙone, ruwan gulbi da ke zuwa daga nesa zai fid da shinkafa. In ruwa ya yi yawa ya cinye shinkafa, gero na tudu ya tsira. Da wuya shekara ta kashe shi ta fuska biyu. Jar shinkafar gargajiya ma da halin gulbin aka san ta: a shuka ta kafin ruwa ya iso, yana hawa tana hawa, wani lokaci a cikin kwalekwale ake yankanta. Gida kuwa yana kan rairayi, inda ruwa ba ya kwanciya, ginin ƙasa ba ya jiƙa daga tushe, rumbu ba ya ruɓa, sauro ma da ɗan dama. Sarkawa masu su kaɗai ke kutsawa ciki, su kafa tunga a kan 'yan tuddan da ruwa ke kewayewa, don su gonarsu ita ce gulbin. Fulani kuma zamansu bin kaka yake: da damina ruga na can tudu nesa da laka da ƙuda, da rani a gangaro fadama, shanu su ci ragowar karan shinkafa su bar taki. Burtali ne ya haɗa wuraren biyu, shi ya sa a tsakanin ƙauye da ƙauye za ka ga an bar wata hanya mai faɗi da ta miƙe zuwa mashaya.

A wani ƙauye da muka tsaya shan ruwa, wani manomi ya ja hannuna zuwa bayan gari. Akwai wasu gidaje sababbi na bulo da kwano da aka gina ƙasa da tsohuwar unguwa. A jikin bangon ɗaya daga ciki ya nuna mini wani zane mai ruwan ƙasa, miƙaƙƙe kamar an ja shi da igiyar magini, ya kai mini ƙirji. Ya ce nan ruwan 2020 ya tsaya, shekarar da ambaliya ta cinye shinkafar fadamun Kebbi ana dab da girbi. Sannan ya juya ya nuna wata tsohuwar kuka a bakin tsohuwar unguwar, 'yan taku kaɗan sama da inda muke. Ya ce ruwan ya zo gindinta ya tsaya, bai shiga gida ko ɗaya na sama da ita ba, kuma tun suna yara ake gaya musu kada a yi gini ƙasa da kukar nan. Waɗanda suka gina a ƙasa ba wawaye ba ne. 'Ya'yan garin ne da suka yi aure, sama ta cika, gonar tudu kuma ba mai yarda a cinye ta da gini.

Gulbin kansa ya sauya hali. Tun da aka gama madatsar Bakolori a 1978, daga baya aka yi ta Goronyo a kan Rima, ruwa ba ya zuwa a lokacin da kakanni suka saba lissafawa. Shekaru masu yawa ya riƙa zuwa kaɗan, har mutane suka saki jiki suka ɗauka fadama ta zama tudu. Sai shekara irin 2010 ko 2020 ta zo ya dawo ya karɓi wurinsa. A ɗaya gefen kuma injin ban ruwa ya juya rayuwar fadama. Shirin Fadama da aka fara a farkon shekarun 1990 ya yaɗa ƙananan rijiyoyin bututu da injuna, shirin ba manoman shinkafa rance da aka ƙaddamar a Birnin Kebbi a Nuwamban 2015 ya ƙara wa abin wuta. Na ga alherin wannan da idona: samari da a da rani ke kora su kudu, ga su nan cikin fadama suna dashen shinkafa a watan sanyi. Na kuma ga illarsa. Inda saniya ke kiwo da rani yanzu kore ne shar na shinkafa, burtali ya tsuke, a wani wurin an nome shi ɗungurum. Rigimar manomi da makiyayi da muke ji a rediyo, sau da yawa daga irin wannan taƙi ɗaya na ƙasa take farawa.

Sabon abin da ke jan gari yanzu shi ne kwalta. Tun da aka kafa Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi a 2013, mazauninta na dindindin kuma ya kasance a kan hanyar Kalgo zuwa Bunza, filaye suka yi daraja, shaguna da gidajen haya suka bi titi. Ba na ƙin wannan, Kalgo ta cancanci ci gaba. Abin da ke damuna shi ne titi ba ya tambayar inda ruwa ke bi, mai awon fili ma sau da yawa da rani yake zuwa, lokacin da kwari da tudu duk busassu ne, kamarsu ɗaya.

Ranar da zan tafi gwaggo ta ƙulla mini shinkafa da ƙullin daddawa, ta raka ni har bakin zaure tana sa albarka. A mota ina ta tunanin kukar nan da zanen da ke jikin bango. Ina roƙon hakimai da dagatai da shugabannin ƙananan hukumomin Gwandu da Kalgo, kafin a yanka sabuwar unguwa a kira dattawan gari su taka su nuna inda ruwa ya taɓa kaiwa, a kafa alama, a rubuta, tun masu wannan sani suna raye. A bar wa ruwa hanyarsa, a bar wa shanu burtalinsu. Kai kuma mai karatu, in kana shirin sayen fili a Kalgo ko bayan Birnin Kebbi, daure ka je ka gan shi a watan Satumba kafin ka biya kuɗi.